Yadda Ake Doguwar Tafiya da Keke a Ƙasar Tuddai Cikin Zafin Bazara

A kan miƙaƙƙiyar hanya, mai keke da fankarsa yake tafe. Gudun kilomita 20 a awa ya isa ya kaɗo masa iskar da za ta riƙa busar da gumi, kuma bushewar gumin ce ke kwashe zafi daga jiki. To, da zarar hanya ta ɗaga kai, gudu ya koma kilomita 6 ko 7, fanka ta mutu. Abin haushin shi ne a daidai lokacin ne jiki ya fi dafa kansa, domin daga cikin ƙarfin da naman jiki ke ƙonawa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke isa feda, ragowar ukun zafi suke zama. Ga aiki ya ƙaru, ga iska ta ɗauke, ga kwalta tana huro wuta daga ƙasa. Sai ka ga gumi yana ɗiga daga haɓa yana sauka kan ƙarfen keke a banza, bai sanyaya komai ba.

Duk abin da ke tafe daga nan ya samo tushe: yadda za ka tsara tafiyar kwanaki ko makonni ta yadda babban hawa da tsakar rana ba za su taru a kanka ba, da abin yi ranar da suka taru.

Mataki na farko: auna hanya da hawanta

Sabon shiga yakan ce, "Ai kilomita 90 ne kacal." Tsohon hannu kuwa tambayarsa ɗaya ce: "Hawan mita nawa ne a ciki?" Kafin ka tsayar da hanya, buɗe ta a manhajar da ke zana tudu da gangara, kamar Komoot ko Ride with GPS, ka duba jimillar mitocin da za ka hau a yinin, da tsananin kowane hawa, da inda ya faɗo, farkon tafiya ne ko ƙarshenta.

Ana faɗin tsananin hawa da kashi cikin ɗari. Kashi 5 na nufin duk mita 100 da ka ci gaba, ka ɗaga sama da mita 5. In da kaya a keke, kashi 3 ko 4 za ka ji shi a cinya amma ba zai hana ka hira ba. Kashi 6 zuwa 8 jan aiki ne. Daga 10 zuwa sama kuwa, babu kunya in an sauka an tura. Ga abin kwatance: hawan Alpe d'Huez da ke Faransa, wanda ya yi suna saboda gasar tseren keke ta Tour de France, tsawonsa kilomita 13.8 ne, tsananinsa kashi 8 da ɗan ɗoriya, yana da lanƙwasa 21. 'Yan tsere kan gama shi cikin ƙasa da awa ɗaya da keke fayau. Mai jakunkuna, wanda hawansa a awa bai cika wuce mita 300 zuwa 400 ba, sai ya ware masa awa uku.

Lissafin da nake yi, wanda bai cika ba ni kunya ba, shi ne: raba nisan da 18, sannan ka ƙara awa ɗaya a kan kowane mita 500 na hawa. Yinin kilomita 80 mai hawan mita 1,000 ya zama awa shida da rabi a kan sirdi ke nan, ban da hutu. Yanzu ka tambayi kanka, awa nawa na sanyi ranar take da shi?

Kada kuma ƙananan tuddai su ruɗe ka. Waɗanda suka ratsa Amurka ta hanyar kekuna ta TransAmerica, wadda aka buɗe a 1976, mai tsawon kusan kilomita 6,800, da yawansu kan ce tuddan Appalachia da na Ozark sun fi ba su wuya a kan manyan duwatsun Rocky. Hanyoyin manyan duwatsu a hankali suke hawa, kuma duk mita 1,000 da ka ɗaga zafin iska yakan ragu da kusan digiri 6 da rabi. Ƙananan tuddai kuwa gajeru ne, a tsaye, ɗaya bayan ɗaya, ba ka isa inda sanyi yake ba an sake jefo ka cikin kwari.

Abu na ƙarshe a kan taswira: yi wa duk inda ake samun ruwa alama, ka auna ratar da ta fi kowace tsawo, da awa ba da kilomita ba. Sauke taswirar a waya, don a cikin kwari sabis yakan ɓace.

Mataki na biyu: keke da kaya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya fi komai muhimmanci a keken tudu shi ne ƙaramar giyarsa. Ƙirga haƙoran ƙaramin faifan gaba, wanda feda ke juyawa, da na babban faifan baya. So ake na gaba ya gaza na baya, misali 24 a gaba, 34 ko 36 a baya. Da 24 da 36, juyin feda ɗaya yana kai ka kamar mita 1.4 a kan babbar ƙafar keke da aka saba. Juyi 70 a minti ya ba ka kusan kilomita 6 a awa. Kamar tafiyar ƙasa, gaskiya ne, amma gwiwa ba za ta yi kuka ba, zuciya kuma ba za ta haura inda jiki zai ɗau wuta ba. Giyar keken tsere an yi ta ne don keke marar kaya. In ita ce da kai, ka kai wa makaniki ya canja faifan baya tun da sauran makonni.

Sa sabuwar robar birki. Taya mai faɗin milimita 35 zuwa 45 ta fi jure kaya da ramuka. Sirdi kuwa, wanda ka saba da shi za ka tafi da shi. Sabon sirdi ranar tashi neman rigima ne. Tsayinsa: in ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe sosai. Kayan gyara ba su da yawa: tif biyu, faci da sabon sholisho da ba a fasa ba (wanda aka taɓa buɗewa zafi yakan busar da shi a cikin jaka), famfo, alanki, maɗaurin sarƙa, man sarƙa, wayar birki da ta giya.

Nauyi a kan tudu ba ya yafiya. Kai da keke da kaya in kun kai kilo 100, hawan mita 1,000 kaɗai yana cin kusan kalori 1,000 na abinci, ban da abin da nisa ya ci. Saboda haka ka baza kayanka a ƙasa, ka ɗaga kowanne ka tambayi kanka ko ka yarda ka hau dutse da shi. Ruwa ne kaɗai ba a yi wa wannan tambayar, duk da cewa kowace lita kilo guda ce. Masu nauyi su zauna can ƙasan jaka, kuma ka raba wasu zuwa gaba. In komai ya taru a kariyar baya, ƙafar gaba za ta riƙa ɗagawa a hawa mai tsanani, a gangara kuma kan keke ya riƙa rawa.

Sutura: riga mai haske, marar nauyi, mai dogon hannu ta fi barin fata a rana. Wandon keke mai soso a sa shi ba tare da wani abu a ciki ba, a wanke shi kullum, don gumi da guga su ne ke kawo ƙurajen da kan tsayar da tafiya cak. Hular kwano mai ƙofofin iska, tabarau, da man kare fata daga rana mai lambar SPF 30 ko fiye, a sake shafawa duk bayan awa biyu. Ƙeya, kunnuwa, bayan hannu da saman gwiwa su ne wuraren da ake mantawa.

Mataki na uku: koya wa jiki zafi

Jiki yana sabawa da zafi, amma sai an ba shi kwana 7 zuwa 14. A cikin waɗannan kwanaki ruwan jini yana ƙaruwa, gumi ya riƙa fitowa da wuri kuma da yawa, gishirin da ke fita a cikinsa ya ragu, bugun zuciya ya sauko. Makonni biyu kafin tashi, ka riƙa fita awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi a lokacin da rana ta yi ɗumi, a hankali, kusa da gida. Ka yi aƙalla fita biyu da cikakken kaya a kan tudu mafi tsanani da ke kusa da kai. In ba ka samu yin haka ba, to kwana uku ko huɗun farko na tafiyar su zama rabin abin da ka saba.

Mataki na huɗu: raba yini gida uku

Ba ƙarfe 12 ne zafin iska ke kai ƙarshe ba. Yakan ci gaba da hawa har wajen ƙarfe 2 zuwa 4, bayan ƙasa da kwalta sun gama shan rana. Mafi sanyin lokaci kuwa gab da fitowar rana ne. Don haka kashi na farko na yini daga asuba ne zuwa wajen 11, kuma a nan za ka ci kashi biyu cikin uku na tafiyarka. Haɗa kaya tun dare, sa fitila gaba da baya, ka tashi da zarar ka fara gane hanya. Kashi na biyu na inuwa ne: daga 11 da rabi zuwa la'asar, a ci, a sha, a cire takalmi, a yi barci in ya samu. Na uku, awa ɗaya ko biyu da la'asar sakaliya, a ƙarasa.

Dabarar da ta fi kowace ita ce ka kwana a gindin babban hawa, ko da hakan na nufin ka tsaya da wuri ana gobe. Na san yadda rai ke cewa, "Tunda ga shi nan, bari in gama da shi yau." Hawan da za ka yi da gora ɗaya da asuba, shi ne zai shanye maka uku da azahar, ya kuma bar ka ba ka moruwa washegari. Duba kuma ta wane gefe hanya ta bi dutsen: gefen da ke fuskantar yamma yana cikin inuwa da safe, mai fuskantar gabas kuwa tun hantsi yake gasuwa.

Kada ka tsaya ga digiri kaɗai a hasashen yanayi. In iska ta jiƙe da laima gumi ba ya bushewa, sai digiri 32 ya fi 38 na busasshiyar iska illa. A manyan duwatsu kuma hadari da tsawa sun fi tasowa da rana ta karkata, wani dalilin ke nan na tsallake ƙololuwa kafin azahar. Waya ma tana jin zafi: in ka ɗaure ta a kan keke a rana za ta kashe kanta, daidai lokacin da kake neman mararraba.

Mataki na biyar: ruwa, gishiri, abinci

A zafi, mai hawan tudu yana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu na gumi a awa, alhali ciki ba ya iya tsotsar abin da ya wuce kamar lita ɗaya a awa. Ma'ana, a tsakar rana ana bin ka bashi ko yaya ka sha. Hutun rana da dare ne ke biya. Don sanin naka gumin, auna nauyinka kafin fitar gwaji ta awa ɗaya da bayanta. Kowane kilo da ya ragu lita ɗaya ce, sai ka ƙara abin da ka sha a hanya. In ragin ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinka, ƙarfi ya fara tafiya ke nan.

A kan hanya, kurɓi biyu ko uku duk minti 15 zuwa 20, abin da zai kai rabin lita zuwa mililita 800 a awa. Fitsari shi ne ma'auninka: in yana fita fari-fari mai ɗan rawaya, lafiya, in ya yi duhu ko ka yi awa huɗu ba ka ji shi ba, ka tsaya ka gyara.

Amma ruwa zalla ba ya wadatarwa, har ma yana iya cutarwa. Dubi rigarka da yamma, za ka ga farin zane ya kewaye kafaɗa da baya, igiyar hular kwano ta yi tauri kamar an sa mata sitaci. Gishirin jikinka ne. Wanda ya yi ta ɗirkar ruwa yana zubar da gishiri, sai gishirin jininsa ya tsarme: ciwon kai, tashin zuciya, yatsu su kumbura, a ƙarshe ruɗewa, kuma yana kisa. Maganin mai sauƙi ne. Gora ɗaya ta ruwa zalla, ɗaya ta ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, duk a shafe ba a tula ba. Abinci mai gishiri a lokacin hutu yana cike sauran. Ruwan rafi ko na rijiyar da ba ka sani ba, a tafasa shi minti ɗaya ko a sa ƙwayar kulorin a jira minti 30.

Wata 'yar dabara: zura gora cikin tsohuwar safa, ka jiƙa safar. Muddin iska busasshiya ce, ruwan zai zauna da ɗan sanyinsa maimakon ya koma kamar na wanka.

Abinci kuwa, zafi yana kashe sha'awarsa, nan ne tarkon yake. Ajiyar sukarin da ke cikin nama da hanta ba ta wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu na aiki mai ƙarfi. In ta ƙare, ƙafa ta zama ta wani, ido ya fara ganin dishi-dishi. Ana son giram 30 zuwa 60 na sitaci ko sukari daga abinci a kowace awa. Ayaba ɗaya matsakaiciya tana da kamar giram 25. Kaɗan-kaɗan, akai-akai, mai maiƙo a bar shi sai dare. Paul de Vivie, Bafaranshen da ake wa laƙabi da Vélocio, wanda ya yi fice wajen yaɗa yawon keke da amfani da giya kafin rasuwarsa a 1930, cikin ƙa'idojinsa akwai a ci kafin a ji yunwa, a sha kafin a ji ƙishi. Rabin farko na karɓe shi ɗari bisa ɗari. Na biyun sai an haɗa da gishiri da hankali.

Mataki na shida: hawan kansa

Sauke giya kafin ƙafa ta yi nauyi, kana ɗan sassauta feda lokacin da sarƙa ke tsallakawa. Canjin giya ana danne da ƙarfi shi ke tsinka sarƙa. Zauna a sirdi, juyi 70 zuwa 85 a minti, tsayuwa a kan feda sai don miƙe baya na daƙiƙa kaɗan. Ma'aunin gudu shi ne baki: in ba za ka iya faɗin cikakkiyar jimla ba tare da haki ya katse ta ba, ka yi sauri. Kashi ɗaya cikin uku na farkon hawa ya kamata ka ji kamar kana ha'inci don sauƙi. Sauri ya haifi nawa.

Duk minti 20 zuwa 30 ka tsaya, amma a inuwa. Tsayuwa a rana a kan kwalta ba hutu ba ne. In ruwa ya wadata, jiƙa riga, ƙeya da damatsa. Yanke hanya dama da hagu yana rage tsananin hawa, sai dai kada ka yi shi kusa da lanƙwasar da ba ka ganin bayanta. In kuna da yawa, kowa ya hau da gudunsa, a haɗu a sama, kuma hutu ya fara ƙirguwa daga isowar na ƙarshe.

Mataki na bakwai: gangara

Nan ne aka fi jin ciwo. Na taɓa saukowa wata doguwar gangara da rana, ina riƙe da birki biyu ba saki, har na fara jin warin roba. Na tsaya na kai yatsa kan rim, ban san lokacin da na yarfe hannu ba. Na ɗiga masa ruwan gora, ya yi cuu. Da na ƙara kilomita ɗaya a haka, zafin nan zai iya fasa tif, a gudun da ba a faɗuwa a tashi lafiya.

Birki a riƙa damƙa ana saki: damƙa da ƙarfi, rage gudu sosai, saki ya huce. Na gaba ne ke da yawancin ƙarfin tsayarwa, don haka ja jikinka baya a kan sirdi kana matsa shi a hankali, ba fizga ba. Gama rage gudu kafin ka shiga lanƙwasa, fedar waje tana ƙasa, nauyinka a kanta. In gangarar doguwa ce kuma kaya da nauyi, tsaya duk bayan 'yan kilomitoci. Birkin faifai, wanda ke kama faifan ƙarfe a tsakiyar ƙafar keke maimakon rim, ba ya dafa taya, amma shi ma in ya yi zafi kamunsa yana raguwa, kuma faifan nan kada ka kuskura ka taɓa shi. Kada ka cika taya da iska har iyakarta da sanyin safe, tunda rana da birki za su ƙara mata. Kula da kwaltar da ta narke tana sheƙi da tsakuwar da ke taruwa a bakin lanƙwasa. Kuma ka sa 'yar riga mai tare iska kafin ka sauko daga wuri mai tsayi. Jiƙaƙƙiyar riga a gudun kilomita 50 tana sa makyarkyata ko a bazara.

Mataki na takwas: san lokacin da jiki ya ce ya isa

Ranar 13 ga Yuli, 1967, ɗan tseren Ingila Tom Simpson ya faɗi gab da ƙololuwar dutsen Ventoux a gasar Tour de France, cikin tsananin zafi, ya rasu yana da shekara 29. An samu ƙwayar amfetamin da barasa a jikinsa, abubuwan da suka toshe masa jin gargaɗin da jiki ke yi. Mai taurin kai ba ya buƙatar ƙwaya kafin ya toshe nasa.

Gargaɗin farko: jiri, ciwon kai, tashin zuciya, ɗaurewar nama, tsigar jiki tana tashi a cikin rana, zuciya ta ƙi saukowa ko bayan ka tsaya. Da ka ji ɗaya, sauka. Shiga inuwa, kwanta ka ɗaga ƙafafu, sassauta sutura, jiƙa jiki, kurɓi ruwan gishiri da sukari a hankali. Tafiyar ranar ta ƙare, ko da bayan awa ɗaya ka ji garau.

Abin da ya wuce wannan shi ne bugun zafi, inda zafin cikin jiki ke haura digiri 40, kuma alamarsa a ƙwaƙwalwa take: mutum ya fara magana ba kai, ko tangaɗi, ko faɗa ba dalili, ko ya suma. Kada ka jira gumi ya ɗauke, domin mai motsa jiki yana iya kamuwa yana jiƙe sharkaf. A sanyaya shi nan take, a nemi agajin gaggawa a lokaci guda. In da rafi ko kwatarniyar ruwan sanyi, a tsoma jikinsa ana riƙe da kansa a sama. In babu, a yi ta kwara masa ruwa ana fifita. Wanda hankalinsa ya gushe ba a ɗura masa ruwa a baki. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin, ibuprofen kuma yana iya illata ƙoda in jiki ya bushe. Mai ciwon zuciya, hawan jini ko ciwon sukari, da mai shan maganin da ke sa yawan fitsari, su ga likita kafin su ɗaura niyyar tafiyar. Mai tafiya shi kaɗai kuwa, tunda ruɗaɗɗe ba ya sanin ya ruɗe, ya bar wa wani hanyarsa da lokacin da ake sa ran isarsa kowace rana.

Da ka sauka da yamma, kafin gajiya ta kwantar da kai: ci abinci mai nauyi da gishiri, sha har fitsari ya washe, wanke jiki da wando, shafa yatsa a kan taya ka lalubo ƙaya ko ƙarfen da ya maƙale, goge sarƙa ka ɗiga mata mai, duba kaurin robar birki. Da safe kafin ka tashi daga shimfiɗa, ƙirga bugun zuciyarka na minti ɗaya. In ya ɗara na kullum da kamar 10, ni dai ranar hutu nake mayar da ita, kuma ko ba haka ba nakan huta rana ɗaya a cikin biyar ko shida. In ya zauna daidai, gorunanka dama tun dare suke cike, safa a jiƙe, fitila da caji. Sai ka ɗaura jaka tun gari bai waye ba.